Ba-Gyara da Bangon Gabas

A unguwar da ke bayan babbar kasuwa, inda gidaje suka cushe har mace kan miƙa wa maƙwabciyarta gishiri ta taga, in ka ce kana neman birkila za a tambaye ka wanne. In ka ce Ba-Gyara kuwa, kowa zai nuna maka ƙofar gidansa, har da ƙarin bayanin cewa ba ya nan, yana kan gini. Shekara talatin da takwas ya yi a harkar, ba a taɓa aiko masa cewa bangonsa ya tsage ko ɗakinsa na yoyo ba. Daga nan sunan ya fito, ya danne na yanka, har matarsa in ta so tsokanarsa da shi take kiransa.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai ƙarancin magana, tafin hannunsa ya yi kaushin da ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta shige shi. Yana da wata ɗabi'a a wurin aiki wadda leburorinsa suka sani, masu zanen gini kuwa ba su sani ba. In aka kawo masa takardar gini, sai ya shimfiɗa ta a kan bulo, ya danne kusurwoyinta da duwatsu, ya daɗe yana kallo. Kusan kullum sai ya ga wani abu: indararon da zai zubar da ruwa a gindin bango, ko tagar da za ta kwashi ranar yamma, ko matakalar da za ta kayar da tsohuwa. Ba ya kiran mai zane ya kunyata shi, ba ya gardama. Sai ya gyara abin da hannunsa ya yi shiru, mai zane ya zo ya ga gini ya yi kyau, ya tafi yana yabon kansa. Dogo, tsohon leburan da ya fi shekara ashirin yana kwaɓa masa, ya taɓa tambayarsa me ya sa ba ya faɗa. Ya ce, "Takarda ba ta taɓa tsayawa cikin ruwan sama ba, Dogo. Ina laifinta?"

Ba shi ya zaɓi gini ba. Yana aji biyar a firamaren unguwar sai mahaifinsu, wanda shi ma birkila ne, ya faɗo daga kan bene, bai kwana uku ba ya rasu. Inna tana goyon autarta a lokacin. Babu wanda ya ce masa ya bar makaranta. Shi ne dai ya tashi wata safiya ya ɗauki kwanon ɗibar yashi maimakon jakar littattafai, Inna ta gani ta kawar da kai, magana ta ƙare. Yana son lissafi, wallahi yana so. Har yau in ya ga yara da jaka sai ya ɗan rage tafiya.

Aikin da ya fi alfahari da shi ba a gidan wani attajiri yake ba, a ɗakin Inna yake. Ɗakin na can ƙuryar gida, rufin kwano ne, da rana ta take sai ya zama tanda, Inna ta rasa inda za ta sa ranta. Yana da shekara ashirin da uku ya rushe saman bangon, ya sake ɗora shi yana barin rami tsakanin bulo da bulo. Kowane bulo na ƙasan rami ya karkatar da shi waje da faɗin yatsa ɗaya, ya ɗan fito da leɓensa, yadda iska za ta shiga amma ruwan sama ya zame ya koma inda ya fito. Babu wanda ya koya masa, shi ya zauna ya ƙirƙiro abinsa. Ɗakin ya yi sanyi kamar cikin randa. Auta tana 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin, ita ta riƙe masa bakin igiya, kuma a ɗakin ta yi karatunta har ta gama sakandare.

Kada wani ya ce maka tun asali baƙin ciki yake yi da ita, ƙarya ne. Ranar da ta samu jami'a don karatun zanen gine-gine, shi ya ɗauki allon zanenta a kai har tasha, yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi, har waɗanda ba su tambaya ba. Da ta gama ta kama aiki a wani ofis a tsakiyar gari, mutane suka fara kiranta Injiniya. Shi dai Auta ya sani, kuma bai ga dalilin canzawa ba. Shekaru suka yi ta tafiya lafiya lau, tana zana nata can, yana gina nasa nan, sai sun haɗu a ɗakin Inna ranar hutu.

Makarantar ce ta haɗa su. Tsohuwar firamaren unguwar, wadda ya bari a aji biyar, ta gaji tiɓis. Tana matse tsakanin wani dogon sito da wani bene mai hawa biyar, rufinta ya yi ƙasa-ƙasa, fankokin da aka rataya sun zama ado don wuta ba ta zuwa. Lokacin zafi yara kan sume a aji, malamai su fito da su gindin bishiya ɗaya tilo da ke tsakar makarantar. Hukumar birni da wata ƙungiya mai tallafa wa ilimi suka ce a kawo zane na sabon gini wanda ba zai dogara da fanka ko janareta ba. Masu zane da yawa suka kawo, aka zaɓi na Auta, aka ce in ya yi kyau za a ba ta wasu makarantu uku. Ita kuma ta kafe wa ɗan kwangila cewa yayanta ne zai zama babban birkila, in ba haka ba a nemi wata.

Ta kawo masa takardar har gida. Ya shimfiɗa ta a tsakar gida, ya danne da takalmansa, ya durƙusa. Aiki ne mai hankali, ya yarda da wannan tun kallon farko. Jar ƙasar da za a tono daga harsashi ita za a matse a inji a yi bulo da ita, da ɗan siminti kaɗan. Rufi biyu ne, da sarari a tsakani don zafi ya samu hanyar fita. Duk ruwan da ya sauka a kan kwano zai bi indararo ya shiga tanki a ƙarƙashin ƙasa, na banɗaki da na shuka. Bishiyar ma ba a taɓa ta ba, ginin ne ya kewaye ta. Sai idonsa ya kai bangon gabas, wanda ke fuskantar lungun da ke tsakanin siton da benen. Tun daga ƙugun mutum har sama, hawa biyu, ramuka ne sahu ashirin da biyu. Bangon ɗakin Inna ne ya girma ya zama bene.

"Yaya, ka ga bangon nan?" in ji Auta, tana murmushi.

"Na gani."

Ya jira ta ƙarasa. Ya jira ta ce naka ne, ko ta ce daga wurinka na ɗauko. Sai wayarta ta yi ƙara, ta miƙe tana amsawa, ta fita zaure. Ya naɗe takardar a hankali, yana gaya wa kansa cewa ai ba sai an faɗa ba.

Da hannunsa ya rushe ajin da ya bari. Bai ce wa kowa komai ba, amma allon bangon shi ya fasa da kansa, bai bar wa leburori ba. Aka tona harsashi, aka kawo injin matse bulo, aiki ya kankama. Aka kafa babban allo a bakin titi da sunan Auta da manyan haruffa, ƙarƙashinsa na ɗan kwangila, ƙarƙashinsa na kamfanin da zai sa sola. Kullum da safe ta ƙarƙashin allon yake wucewa. Aka raba hulunan kwano, aka ba ta fara, aka ba shi ruwan ɗorawa irin ta kowane lebura.

Wata rana da tsakar rana suna hutawa a inuwar bishiya, Dogo ya kunna rediyonsa, sai ga muryar Auta ana hira da ita. Leburori suka yi tsit. Mai tambaya ya ce ina ta samo dabarar bango mai numfashi, don sunan da 'yan jarida suka raɗa masa ke nan. Ba-Gyara ya ajiye kofin shayinsa. Auta ta ce, "Na ɗauko ta ne daga tsofaffin maginan unguwarmu."

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya. "Maigida, ashe mun tsufa ba mu sani ba!"

Tsofaffin magina! Su wa? Su nawa ne? Wane tsoho ne ya hau tsani a ɗakin Inna in ba shi ba? Shekararsa hamsin, yana raye, yana nan cikin rana yana ɗora mata bulo, amma an zuba shi cikin tarin matattu marasa suna. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon da ƙarfin da har murfin batir ya faɗo. Ya ce hutu ya ƙare, alhali saura minti ashirin.

Daga ranar abin ya zauna masa a ƙirji, kuma kullum sai an ƙara masa. Baƙi suka zo da masu ɗaukar hoto, wani mai tabarau ya ce masa, "Baba, ɗan riƙe bulon nan Injiniya ta yi bayani." Ya riƙe. Da jarida ta fito, ga Auta da farar hula tana nuni, ga bulo, ga hannu riƙe da bulon, an yanke shi daga gwiwar hannu. Matarsa ta daɗe tana kallon hoton, ta ce, "Kai, amma fa hannun nan ya fito da kyau." Bai yi dariya ba. Ta ajiye jaridar ta dube shi da kyau.

"Malam, kishi kake yi da 'yar da ka goya?"

"Ni? Kishin me?"

"Oho. Ni dai na ga tun da aka fara makarantar nan ko gaisuwa sai an roƙe ka."

Wanda ya fi yi masa ciwo daga bakin Inna ya fito. Ya kawo mata maganin hawan jini wata ranar hutu, ya tarar da maƙwabta mata cike da ɗakin sun zo taya ta murnar 'yarta ta shiga jarida. Yana daga bakin ƙofa ya ji tana cewa, "Kun ji sanyin ɗakin nan? Ku ɗaga kai ku gani. To irin aikin Auta ke nan." Matan suka ɗaga kai suna sa albarka. Tsohuwa ce, shekaru sun cakuɗa mata abubuwa, ya san da haka. Sanin bai hana idonsa yin ja ba. Ya ajiye maganin a kan dakali ya juya, ko sallama bai yi ba.

Akwai kuma wani abu da yake lura da shi a wurin aiki. Auta ba ta wasa da awo. Tana da tef a aljihu da ɗan littafi, ta auna aikin kafinta, ta auna na mai famfo, ta sa mai walda ya kwance ƙarfe guda shida ya sake. Amma in ta iso inda yake gini sai ta ce, "Sannu da aiki, Yaya," ta wuce. Ko ɗaga kai ba ta yi. Sai ya riƙa raya wa kansa cewa aikin nasa bai ma kai a duba ba, ɗora ƙasa kan ƙasa ne, abin da kowane tsohon magini zai yi.

A haka aka iso bangon gabas. Tun ranar da ya durƙusa a tsakar gida ya ga abin da ke cikin takardar. Ramukan suna nan, faɗinsu da tsayinsu duk an rubuta, amma bulon ƙasan rami a miƙe yake sambal, babu karkata, babu leɓe. Shi kuwa a unguwar aka haife shi, ya san lungun nan. Iskar da Auta take so ta kama don sanyaya azuzuwa, ita ce da damina take matsowa tsakanin siton da benen kamar ta fito daga bututu, ta ɗauko ruwan sama ta kawo shi a kwance. Bango mai ramuka a miƙe a wannan wuri rariya ce kawai. Da zanen wani ne, da ko tunani ba zai yi ba, hannunsa ne zai yi gyaran.

Ya ja igiya, ya ɗora bulon farko a miƙe. Dogo, da ya miƙo masa kwaɓi, ya tsaya da kwano a hannu.

"Maigida, ba za mu kwantar da su ba?"

"Me takarda ta ce?"

"Takarda? Yaushe muka fara bin takarda?"

"Yau."

Dogo ya dubi fuskar maigidansa, ya ajiye kwanon ya koma wurin kwaɓi. Shi kuwa Ba-Gyara yana ɗorawa yana shari'a da kansa, kuma shi ke cin shari'ar. Ai ita ce Injiniya. Ai aikinta ne, Inna ma ta shaida. To ta ga yadda aikin nata yake in ba a sa masa hannun tsofaffin magina ba. Kwana goma sha tara ya yi a kan bangon, kuma abin haushin shi ne bai taɓa yin gini mai kyawunsa ba. Sahu-sahun sun tafi daidai kamar an ja su da rula, jar ƙasar na ɗaukar ido da hantsi, masu wucewa a titi suna tsayawa kallo. Faɗin yatsa ɗaya ba abu ne da ake gani daga ƙasa ba.

Allah ya ba shi ƙofar fita, ya ƙi bi. Ranar da ake sauke katakan hawa, Auta ta zo ta tsaya kusa da shi, ta ce, "Yaya, komai lafiya a gabas?" Ya ce, "Kamar yadda kika zana." Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce, ta tafi wurin masu sola.

Aka buɗe makaranta ana tsakiyar zafi, kuma ginin ya yi abin da aka ce zai yi. Ka shiga aji daga rana sai ka ji iska na yawo a wuyanka, babu fanka ko ɗaya. Shugabar makaranta ta ce tun da ta fara koyarwa ba ta taɓa ganin yara sun kai ƙarfe ɗaya ido biyu ba. A wurin taron Auta ta yi godiya, ta ambaci hukuma, ta ambaci ƙungiya, ta bi jeri har ta ce, "da yayana, babban birkila." Ya ƙirga, shi ne na bakwai, bayan kafinta. Aka jera littattafan da ƙungiyar ta kawo a kan kantoci a jikin bangon gabas, don nan ya fi haske.

Ruwan farko ya zo ranar Talata wajen ƙarfe sha ɗaya. Ba-Gyara yana wani ƙaramin aiki a layi na uku daga makarantar, ya ga gabas ta yi baƙi, ya ji iska ta juya. Ya ajiye cokalin gini bai wanke ba, abin da bai taɓa yi ba, ƙafafunsa suka ɗauke shi. Yana shiga lungun ruwan ya kece. Ya tsaya jikin siton yana kallon yadda iska ke kwasar ruwa tana cusa shi cikin ramukan, sahu ashirin da biyu, babu wanda ya mayar da ɗigo ɗaya. Gaskiya ɗaya ce, na ɗan lokaci kamar na numfashi guda, ya ji daɗi. Sai ya jiyo kukan yara.

Ya zagaya ya shiga. 'Yan aji ɗaya sun takure a bangon yamma, wasu sun hau kan benci, rigunansu sun manne a jiki, haƙoransu na kaɗawa. Ruwa ja yana gudu a ƙasa don yaɓen ciki ya fara narkewa. Malamarsu tana ta kwasar littattafai daga kanta tana rungumewa, suna yagewa a hannunta. Shugabar makaranta tana tsakiyar aji tana salati. Da ta gan shi ta ce, "Yauwa, Allah ya kawo ka! Dubi abin da ƙanwarka ta zana mana!" Ya kama yara biyu-biyu yana fitar da su baranda, bai iya kallon fuskar ko ɗaya ba.

Kafin mako ya zagayo, bango mai numfashi ya koma makarantar rariya a bakin mutanen unguwa. Waɗanda suka yi tafi ranar buɗewa su ne suka ce dama sun faɗa, wa ya taɓa ganin bene na ƙasa, kuma zanen mace. Hukuma ta dakatar da maganar makarantu ukun, ta ce da an yi hutu za a toshe ramukan da siminti a rataya fankoki. Aka kira zama a ofishin shugabar makaranta, aka tambayi Auta a gabansa ko birkila ya kauce wa zane. Ta ce, "Bai kauce ba. Ya bi zanena daidai. Kuskuren nawa ne." Aka rubuta haka. Ya fito da sunansa tas, har mutane na tare shi a hanya suna cewa kai ai ba ruwanka, Ba-Gyara, abin da aka ba ka ka yi. Kowace irin wannan gaisuwa sai ya ji kamar an watsa masa yashi a ido. Dogo kuwa ya daina yi masa hira, sai dai ya miƙo kwaɓi ya koma.

Ranar hutu da yamma ana ruwa ya je gaishe da Inna, ya tarar tana barci, Auta na zaune a ƙasa ta jingina da gado. Ta rame. Ya so ya juya, ta ce, "Shigo, Yaya." Ya zauna a bakin ƙofa. Ruwa na dukan bangon daga waje, iska mai sanyi na shigowa ta ramukan, ƙasan ɗakin a bushe ƙayau.

"Jiya na hau tsani," in ji ta, a hankali don kada Inna ta farka. "Na sa yatsa a ramin bangon makaranta, na ji shi a miƙe."

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Na san da karkatar nan. A nan nake tsaye ka yi ta, ni na riƙe igiya. Ban zana ta ba don ban taɓa kawowa a raina akwai ranar da sai an zana maka ba. Na auna aikin kowa a wurin nan, Yaya. Naka ne kawai ban auna ba."

Sai abin da ya daɗe yana dafawa ya fashe. "Tsofaffin magina! Haka kika ce a rediyo. Ni ne tsofaffin magina? Ba ni da suna? Hannuna aka sa a jarida, Auta, hannu kawai! Inna ma cewa take yi aikinki ne wannan ɗakin."

Ta sunkuyar da kai. "Na yi maka laifi, na sani. Tsoro na ji. Da na ce yayana birkila ne ya ƙirƙiro, da sun ce dama shi ya yi mata aikin duka, mace ina ta san gini. Shekara goma sha biyar ina jin wannan maganar. Na ce bari a buɗe tukuna, in tsaya da ƙafata, sannan in faɗa." Ta share ido da bakin mayafi. "Da ka zage ni. Da ka mare ni ma, ai kai ka raine ni. Amma yaran nan me suka yi maka?"

Inna ta motsa ta buɗe ido, ta gan su tare, ta yi murmushi ta ce Allah ya bar zumunci, ta koma barcinta.

Washegari ya sa rigarsa ta fita, ya je ofishin hukuma, ya zauna a benci har aka kira shi. Ya ce ya ga kuskuren tun kafin ya ɗora bulon farko, ya san gyaransa, ya yi shiru da gangan. Jami'in ya tambaye shi dalili. Ya ce, "Ƙyashi." Ya roƙi a ba shi makonni uku na hutu kafin a kawo siminti, zai sauke bangon ya sake ɗora shi da ƙarfinsa, in ruwa ya sake shiga a toshe. Aka yarda, don ba abin da za a yi asara. Labari ya riga shi isa unguwa. Tun daga ranar masu kiransa Ba-Gyara suka ragu, waɗanda suka ci gaba kuma da wata irin murya suke faɗa.

Shi da Dogo suka sauke bangon bulo ɗaya-ɗaya, suna kankare kowanne suna jerawa don kada a yi asarar ko guda. Sannan ya ja igiya, ya fara daga ƙasa, kowane bulo na ƙasan rami ya kwantar da shi faɗin yatsa, ya fito da leɓensa. A sahu na goma aka yi ruwa mai iska, suka shiga ciki suka tsaya. Ƙasan da aka gyara bai ɗiga ba. Dogo ya yi gyaran murya ya ce shayi ya yi, wadda ita ce maganarsa ta farko da ba ta aiki ba cikin wata guda.

Ranar da ya ɗora bulon ƙarshe Auta ta zo da farar hularta. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi lafiyar matarsa da yara. Sannan ta ciro tef da ɗan littafinta, ta ce a kawo tsani. Shi ya riƙe mata. Ta fara daga sahun farko, ta sa tef a rami, ta duba, ta rubuta. Ta hau na biyu, ta sa tef, ta rubuta. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, har ashirin da biyu, yana ƙasa da hannu biyu a kan tsanin, wuyansa ya ƙage don kallon sama. Wata tara ya yi yana so ta ɗaga kai ta dubi aikinsa, yau ga shi tana dubawa.

Ta sauko, ta sa hannu a ƙasan shafin, ta ce, "Daidai ne. Sannu da aiki." Haka take ce wa mai famfo in ta gama auna nasa.